Sabar da ido da abin da yake ƙi: yadda ake gwada shi a jikin ɓeraye

Magungunan ɗigawa da ake ba mai ƙaiƙayin ido na alaji, irin su olopatadin da kuromolin da sitiroyid, aikinsu danne alamomi ne muddin ana ɗigawa. Kwalba na ƙarewa, ƙaiƙayi ya dawo. Hanyar da aka sani tana taɓa tushen cutar ita ce a riƙa ba jiki ainihin abin da yake ƙi, kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa, har garkuwar jiki ta saba da shi ta daina tada ƙura a kansa. Wannan ita ce sabarwa.

Tun farkon wannan hanya da ido aka riƙa auna ta. A 1911 Leonard Noon, likita a asibitin St Mary's da ke Landan, ya riƙa yi wa masu alajin garin furen ciyawa allurar ruwan da aka jiƙa garin a ciki, yana ƙara ƙarfinsa sannu a hankali. In yana son ya san ko aiki ya ci, sai ya ɗiga ruwan garin furen a idon majinyaci, ya duba wane ƙarfi ne mafi ƙanƙanta da zai sa idon ya yi ja. Ya kuma lura cewa in aka zarce kima, ko aka haɗa allurai kusa da juna, juriyar majinyaci ja da baya take yi na ɗan lokaci. Noon ya rasu a 1913, abokin aikinsa John Freeman ya ci gaba. Duk wannan an yi shi ba a san IgE ba, wato antibodin da ke haddasa alaji (antibodi furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa don kama baƙon abu), domin sai a 1966 da 1967 aka gano shi, a Amurka wurin Kimishige da Teruko Ishizaka, a Suwidin kuma wurin Johansson da Bennich.

Dalilin komawa ga dabbobi a fili yake. Ba wanda zai yanki tantanin idon yaro mai ƙaiƙayi don ya ƙirga ƙwayoyin da suka taru a ciki, balle ya ciro masa kaluluwar wuya ko saifa. A ɓera ana iya yin duk wannan, a ranar da aka zaɓa, da awar da aka zaɓa.

Sai dai ɓeran ɗakin gwaji ba ya zuwa duniya da alaji, ɗora masa ake yi. Tsarin da aka fi kwaikwayo ya fito daga Cibiyar Ido ta Ƙasa ta Amurka a 1998, aikin Magone da abokan aikinta. Ana haɗa maikurogiram 50 na garin furen ciyawar ragwid da miligiram 5 na aluminiyam haidroksaid, a yi wa ɓera allura a tafin ƙafar baya. Aluminiyam ɗin shi ne ke ingiza garkuwar jiki ta bi hanyar da ke haifar da IgE. A rana ta 10 sai a tsokani ido: a ɗiga miligiram 1.5 na garin furen cikin maikurolita 10 na ruwan gishiri. Yanzu kwamitocin kula da dabbobin gwaji da yawa ba sa son allurar tafin ƙafa, saboda ɓera a kan wannan ƙafar yake tafiya kuma tana kumbura, shi ya sa ake yin ta a cikin ciki ko ƙarƙashin fata. Wasu kuma furotin na farin ƙwai, wato OVA, suke sawa a madadin garin fure, saboda araha gare shi kuma tsarkakakke ne. Irin ɓeran ma ba a wasa da zaɓensa. BALB/c na saurin yin IgE, C57BL/6 kuwa martaninsa ya fi sanyi, don haka sakamakon wannan ba ya zama hujja a kan wancan.

Abin da ke biyo bayan tsokana zango biyu ne, kuma wanda bai raba su ba zai karanta sakamako a karkace. Zangon farko cikin mintuna yake zuwa. Garin fure ya haɗu da IgE da ke manne a jikin wasu ƙwayoyin garkuwa na tantanin ido da ake kira mast, su fashe su zubo sinadarin histamin, jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsiyayo. A minti na 20 ake ba ido maki a kan abu huɗu: ja, kumburin tantani, kumburin fatar ido, da hawaye ko kwantsa, kowanne daga 0 zuwa 3. Ƙaiƙayi kuwa da bidiyo ake ƙirga shi, kuma akwai dabara a nan: susa da ƙafar baya ita ce alamar ƙaiƙayi, shafa fuska da ƙafar gaba galibi zafi ne ko gyaran jiki kawai. Wanda ya haɗa su ya ƙirga, lissafinsa ya gurɓace. Mai son adadi tsayayye kan yi wa ɓera allurar shunin Evans a jijiya kafin tsokana. Shunin na manne wa albumin na jini, duk inda jijiya ta yi yoyo sai ya fita tare da shi, daga baya a jiƙa naman a fomamaid a auna yawan shunin da na'ura a tsayin haske na nanomita 620.

Zangon baya yana farawa bayan awa 6 ko makamancin haka, a awa ta 24 kuma aka fi yanka tantanin don dubawa. Nan ne iyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, ke cika wurin, bisa kiran ƙwayoyin garkuwa na T nau'in Th2 da sinadaransu IL-4, IL-5 da IL-13. Ana rina yankan da Giemsa a ƙirga iyosinofil, a rina wani da shuɗin toluyidin a ƙirga ƙwayoyin mast. Fomalin, ruwan da aka saba adana nama a ciki, kan hana wasu ƙwayoyin mast ɗaukar rini, shi ya sa wanda su ne abin nemansa ya fi kyau ya adana naman a ruwan Carnoy. Masu bincike na Jami'ar Kochi a Japan, ƙarƙashin Atsuki Fukushima, sun nuna cewa in aka ɗebo ƙwayoyin T kaɗai daga ɓera mai alaji aka sa wa lafiyayye, iyosinofil za su taru a idonsa bayan tsokana. Ke nan zangon baya na iya tafiya da ƙafarsa. Magani na iya rage iyosinofil ya bar ido yana ja yana ƙaiƙayi, ko ya yi akasin haka.

Ta hanya huɗu ake shigar da maganin sabarwa. Akwai allurar ƙarƙashin fata. Akwai ɗura ta baki da ɗan bututu zuwa ciki, inda babban kima sau ɗaya, kamar miligiram 20 zuwa 25 na OVA, ke kashe ko gurgunta ƙwayoyin T masu gane shi, ƙaramin kima kuwa, kamar miligiram 1 kullum na 'yan kwanaki, ya fi haifar da ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda ke fitar da IL-10 da TGF-beta. Akwai ta ƙarƙashin harshe, inda ake ɗiga maikurolita 5 zuwa 10, a riƙe ɓera ta ƙeya na ɗan lokaci don kada ya haɗiye nan take, a maimaita kusan kullum har makonni. Sai ta huɗu, ɗigawa a idon kansa.

Wannan ta huɗu ita ce ta fi jan hankalin mai aikin ido, ita ce kuma ta fi ruɗi. Hawayen da ke idon ɓera bai kai maikurolita 1 ba. In aka ɗiga masa maikurolita 10, yawanci zubewa zai yi, wani ya bi hanyar hawaye ya sauka hanci, wani kuma ɓeran ya shafe shi da ƙafa ya lashe. Abin da aka rubuta a takarda da sunan maganin ido kaɗai, a zahiri ya zama na ido da hanci da ciki. Gyaran wannan shi ne a rage ɗigon zuwa maikurolita 2 zuwa 5, a ɗiga a ido ɗaya, ɗayan a sa masa ruwan gishiri, sannan a tsokani duka biyun. In wanda aka ɗiga wa magani kaɗai ya samu kariya, aikin na wurin ne. In duka biyun sun samu, to garkuwar jiki gaba ɗaya ce ta sauya.

Abin da aka narkar da maganin a ciki ma yana iya rusa gwaji. Ruwan allurar alaji da ake yi wa mutane kan zo da fenol ko giliserin don ya daɗe, su kuwa suna yi wa ido zafi su sa shi ja, ko da alaji ko babu. Wanda ya fi wannan muhimmanci shi ne benzalkoniyam kulorayid, sinadarin adanawa da ke cikin magungunan ɗigawa da yawa. Galletti da abokan aikinsa a Buenos Aires sun nuna a 2013 cewa lafiyayyen idon ɓera, in aka ɗiga masa OVA zalla, juriya yake koya wa jiki, amma in aka haɗa da wannan sinadari sai juriyar ta karye. Daga baya sun ga irin haka a ɓerayen da aka busar musu da ido. Lafiyar saman ido ce ke yanke hukuncin ko ɗigon zai sabar ko zai ƙara tunzura.

Yanzu ga inda na fi son mai karatu ya tsaya. Duk takardar binciken da ta ce wani magani ya warkar da alajin ido a ɓera, kafin ka kalli hotunan tantani da jadawalin sakamako, ka nemi zanen kwanakin gwajin. Tambaya ta farko: yaushe aka fara maganin, kafin a ɗora wa ɓera alaji ko bayan ta kama shi?

In kafin ne, abin da aka gwada riga-kafi ne. Wannan ba sabon abu ba ne, tun 1911 Wells ya nuna cewa ɓeran Masar da aka ciyar da furotin ƙwai ba ya yin mummunan bori in aka yi masa allurarsa daga baya. Garkuwar da ba ta taɓa haɗuwa da abu ba, koya mata juriya abu ne mai sauƙi, musamman da OVA, wanda in ya bi ta baki ko hanci ba tare da mai ingizawa ba, juriya ce ɗabi'arsa. Majinyaci kuwa ba haka yake zuwa asibiti ba. Yana zuwa ne bayan shekaru da ƙaiƙayi, ƙwayoyin mast ɗinsa cike da IgE, ƙwayoyin T da B masu tuna baya sun zaunu, wasu masu ƙera IgE sun samu mafaka a ɓargo. Juya wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba, kuma yana da haɗari, domin kimar da ke koya wa lafiyayyen ɓera juriya tana iya jefa mai alaji cikin borin da zai kashe shi. Shi ya sa a gwajin magani na gaskiya ake auna zafin jikin ɓera bayan kowace allura. Faɗuwar zafin jiki cikin minti 30 zuwa 60 ita ce alamar wannan bori a ɓera.

Misali mai kyau na yadda ya kamata a bi matakan biyu shi ne aikin shinkafar Japan. Alajin garin furen itacen sugi babbar matsala ce a can. Fumio Takaiwa da abokan aikinsa sun samar da shinkafar da aka sauya wa halitta, ƙwayarta na ɗauke da furotin Cry j 1 da Cry j 2 na sugi, amma an wargaza siffarsu yadda IgE ba zai kama su da kyau ba, ƙwayoyin T kuwa za su gane su. A 2015 masu binciken Kochi suka ciyar da ɓeraye wannan shinkafa kafin a ɗora musu alaji, iyosinofil da makin alamomin ido suka ragu. Ba su tsaya nan ba. A 2018 suka fitar da gwaji na biyu, inda sai da cutar ta kama sannan aka fara ciyarwa, nan ma aka ga ragi. Na biyun ne ke da abin faɗa wa likita.

Tambaya ta biyu: kwana nawa ne tsakanin maganin ƙarshe da tsokanar ƙarshe? Ƙwayar mast da aka yi ta taɓawa da ƙananan kima takan yi shiru na ɗan lokaci, wadda ta riga ta zubar da kayanta kuma tana bukatar kwanaki kafin ta sake cika. Wanda ya tsokani ido washegarin maganin ƙarshe zai ga ido fari fat, ya ɗauka ya yi nasara, alhali ƙwayoyin hutu kawai suke yi. Wannan shirun na wucin gadi ne, ya bambanta da juriya mai ɗorewa. Rarrabe su ba shi da wahala, haƙuri yake bukata da kuɗin ciyar da ɓeraye: a dakatar da magani, a jira mako 2 zuwa 4, a sake tsokana. Ana kuma iya ɗiga sinadarin 48/80, wanda ke fasa ƙwayoyin mast ba ta hanyar IgE ba. In ido ya yi ja da shi amma bai yi da garin fure ba, ƙwayoyin na da kayansu, garin furen ne suka daina amsa wa. A ganina duk gwajin da bai yi wannan jira ba, bai kamata a ce ya nuna warkarwa ba.

Sauran kurakuran ƙanana ne a ido, amma kowanne ya isa ya ɓata aikin wata uku. OVA da aka saya ba a tace ba kan zo da gubar bakteriya, LPS, wadda kaɗan ɗinta ke ingiza Th2, mai yawa kuma ya karkatar da martani wani gefe, don haka sai an auna ta a kowane sabon kaya. Miligiram 1.5 na garin fure a ɗigo ɗaya abu ne mai kauri da ke gurzar ido, dole a samu rukunin ɓerayen da ba a ɗora wa alaji ba amma an ɗiga musu garin, don a san wane ja ne na gurza. Mai ba da maki kada ya san rukunin ɓeran da ke hannunsa. Idanu biyu na ɓera ɗaya ba samfuri biyu ba ne a lissafi. A gwajin ELISA kuma, wanda da shi ake auna antibodi a jini, antibodin IgG da maganin ya haifar yana da yawan da zai mamaye furotin ɗin da ke kan faranti ya hana IgE wuri, sai a ga kamar IgE ya faɗi. Mafita ita ce a fara kamo IgE da antibodinsa, sannan a zuba furotin mai alama.

Ko an kauce wa duk wannan, ɓera ɓera ne. A mutum IgG4 ne babban antibodin da ke tare garin fure kafin ya isa ga IgE. Ɓera ba shi da IgG4, IgG1 ke yi masa wannan aiki, shi kuma IgG1 ɗin yana tashi tun lokacin ɗora alaji, ga shi fassara ta yi wuya. Iyosinofil ɗin ɓera ba sa saurin zubar da gubarsu kamar na mutum. Ɓeran Masar idonsa ya fi girma, kumburinsa ya fi fitowa fili, amma IgG1 ne ke jan ragamar alajinsa fiye da IgE. Kima ma ta sha bamban. A gwaje-gwajen asma na ɓera an saba yin allurar sabarwa ta miligiram 1 na OVA ga dabba mai nauyin giram 20, mutum mai kilo 60 kuwa maikurogiram 5 zuwa 20 na babban furotin alaji yake samu a allura. In aka auna da nauyin jiki, ratar ta haura ninki dubu ɗari. Karnuka ne suka fi kusa da mu ta wannan fuska, domin su da kansu suke kamuwa da alajin ƙwarin ƙurar gida, da ƙaiƙayin fata da na ido, kuma likitocin dabbobi na yi musu sabarwa.

A wurin mutane, abin da ya tabbata shi ne sabarwa ta allura da ta ƙarƙashin harshe suna rage alamomin ido ga masu alajin hanci da ido. Bitar 2011 ta Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen magani, ta haɗa gwaji 42 na ƙarƙashin harshe, da mutum 3,958, ta samu ragi matsakaici a ja da ƙaiƙayi da hawaye, amma ba ta ga raguwar amfani da maganin ɗigawa ba. Batun kwanaki ya sake fitowa a nan. Durham da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa allurar garin ciyawa ta shekara 3 zuwa 4 amfaninta ya ɗore shekara 3 bayan dainawa, wani gwaji na 2017 a Landan kuma ya nuna shekara 2 ba ta isa ba. Allurar a asibiti ake yin ta, a zauna minti 30 bayanta, adirenalin na kusa, kuma ba a yi wa mai asmar da ba ta lafa ba. Ba abin gwadawa a gida ba ne ko kaɗan.

A ƙasashenmu masu zafi da bushewa, alajin idon da ya fi tsanani shi ne wanda likitoci ke kira VKC, mai kama yara, galibi maza, kafin shekara 10, ya mayar da farin ido ruwan ƙasa, yaro ya yi ta murza ido yana gudun rana. Yakan lafa bayan balaga. Wannan cuta ba IgE kaɗai ke tafiyar da ita ba, yara da yawa gwajin fata ba ya nuna abin da suke ƙi, ita kuwa sabarwa sai an san takamaiman abin. Tsokana ɗaya a idon ɓera ba ta haifar da manyan ƙurajen bayan fatar ido ko gyambon baƙin ido da ake gani a VKC, don haka kada a jingina sakamakon ragwid a kan waɗannan yara. Haɗarin da ke gabansu yau shi ne sitiroyid na ɗigawa da ake saye a kemis a yi ta sawa wata da watanni, wanda ke kawo hawan jinin ido da yanar ido. Yaro irin wannan likitan ido zai gani, a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, a auna masa ƙarfin ruwan ido in ya daɗe yana ɗiga sitiroyid.

Gwajin dabbar da zai yi mana amfani kai tsaye ba da ragwid ko sugi za a yi shi ba. Abin da mutanenmu ke shaƙa za a ɗauka: ƙwarin ƙurar gida, har da Blomia tropicalis na ƙasashe masu zafi, da kyankyaso, da garin furen ciyayin damina. A ɗora alaji tukuna, a maimaita tsokana kullum na mako guda ko fiye har cutar ta zaunu, sannan a fara magani. A raba ɓerayen gida biyu, wasu a iska mai laima, wasu a busasshiyar iska irin ta hunturu, tunda an riga an ga bushewar ido na karya juriya. Ruwan maganin a ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, a auna ƙarfinsa a farkon gwaji da ƙarshensa, saboda furotin da aka tsarma yana raguwa da zafi. Tsokanar ƙarshe kuma kada ta zo sai mako 4 bayan ɗigon ƙarshe.